Tayar Bayan Bajimi

Samaru, Zariya.

Zuwa ga ɗana Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kai da amaryarka Rahila. Ina fatan haɗa kaya bai kayar da ku ba. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya tsare hanyar da za ku bi, ya sa ku tarar da mutanen kirki a Saminaka.

Na san za ka yi dariya idan takardar nan ta zo hannunka. Daga Samaru zuwa ɗakinka a Sabon Gari ba wata tafiya ba ce, ga waya kuma a aljihun kowa. To, yi dariyarka. Ranar Asabar da ka zo ɗaukar babur na yi niyyar faɗa maka komai da baki. Na buɗe bakin kuwa, sai na ji kaina ina yi maka bayanin baƙin mai da fulogi, abin da ka sani tun kana firamare. Da na nuna tayar baya na ce a canza ta, ka durƙusa ka danna ta da babban yatsa, ka ce, "Baba, ai da sauranta." Ka buga kik, ka fita, na tsaya a bakin ƙofa ina jin ƙarar babur ɗin nan namu, Bajimi, har ta ɓace wajen kasuwa. Tun ranar zaure ya yi mini faɗi. Tabon man da babur ya bari a ƙasa ma na hana a share.

Ka ce kaya za su bi mota, kai kuma za ka hau Bajimi ta hanyar Pambeguwa, Rahila a bayanka. Dalilin wannan takarda ke nan. Ba na son yarinyar nan ta zauna a kan tayar can ko daga nan zuwa Kwangila, balle Saminaka. Zan gaya maka yadda ake zaɓen tayar baya, amma hanyar da na sani ɗaya ce, ita ce in lissafa maka wautar da na tafka. Ka yi haƙuri da tsawonta.

Ba ka san lokacin da Bajimi ya shigo gidan nan ba, kana goye. Wani saje ne a Basawa ya yi ritaya zai koma garinsu a kudu, ya sayar mini. Abokan aikina a wurin binciken dabbobi na Shika su suka raɗa masa suna, don idan ya faɗi sai mutum biyu ke tayar da shi, kuma idan ya yi gurnani shanun ruga sukan ɗaga kai. Da shi na zaga rugage ina yi wa shanu allura, akwatin magani ɗaure a kariya. Ni mutumin shanu ne, saboda haka da tayar sajen ta suɗe, na tafi kasuwa na zaɓi taya yadda nake zaɓen sa. Na shafa, na danna, na ja baya na ƙare mata kallo. A layin 'yan gwanjo na samu wata mai zane zurfi, baƙa wuluk tana sheƙi. Na dawo ina ji da kaina. Ashe tsohuwa ce tukuf, an bi sawun zanen da wuƙa mai zafi an sassaƙe, aka goge ta da mai. Ba ta yi wata guda ba zare ya leƙo. Rana tsaka ta sace a hanyar wata ruga, na tura Bajimi har bakin titi, wasu mata masu tallan nono suna bina da sannu suna ƙunshe dariya. Ka san nauyin abin nan. Kwana uku mamanka tana gasa mini baya.

Don haka kada ka je layin gwanjo, ko da wani abokinka ya rantse maka cewa daga Turai aka kawo ta jiya. Ƙaramin mashin da ake zuwa cefane da shi yana iya lallaɓawa da irin wannan. Bajimi ba ya lallaɓawa. Nauyinsa da naka da na wanda ka goya, yawancinsa a kan tayar baya yake sauka, kuma ita ce ke tura ku gaba. Sabuwa za ka saya, a shago mai ƙofa, wurin mutumin da za ka iya komawa ka same shi.

Yanzu ga tayar da ka danna ka ce da sauranta. Gaskiya ne zanenta bai cinye ba. Yaya zai cinye, shekara shida ke nan tun da gwiwa ta hana ni buga kik? Wannan ma wata wautar tawa ce. Na ɗauka taya kamar garma take, idan ba a yi aiki da ita ba sai ta jira ka. Ba haka ba ne. Roba tana tsufa ko a tsaye take, ta bushe ta yi tauri, musamman a zauren nan da rana ke shigowa da hantsi. Ka tura babur cikin haske, ka sunkuya ka dubi gefenta, kusa da bakin rim. Za ka ga tsaga ƙanana birjik kamar faso a diddige. Ni na gan su da tabarau, kai da idonka garau ba ka gani ba, saboda wurin zane kawai ka duba. Irin wannan tayar ba ta yi wa mutum sallama. Tana tafiya lafiya lau, sai kwalta ta ɗau zafi, shi ke nan.

Har a shago ma akwai sabuwar da ta tsufa a kan kanta. A gefen kowace taya akwai wasu lambobi huɗu a cikin ɗan da'ira. Biyun farko makon da aka yi ta ne, biyun ƙarshe shekara. Na kai shekara goma ina hawan babur ban san da wannan ba. Ka duba da kanka, kada ka ji nauyin mai shago. Idan ta daɗe a ajiye, ka ce a kawo wata. Girman kuma ka kwafe shi daga gefen wadda ke jiki yanzu, don ita daidai take da rim ɗin, tsufa ne kawai laifinta. Na san ku samarin yanzu da son taya mai faɗi don a ce babur ya yi kyau ta baya. Ni ma na taɓa gwadawa, ta riƙa gugar murfin sarƙa, a kwana kuma Bajimi ya riƙa yi mini gardama. Zane kuma ka nemi matsakaici. Hanyarka kwalta ce, amma makarantar da aka tura ka na ji an ce sai an sauka burji, kuma damina tana tafe.

Duk wannan da baki ma zan iya faɗa maka. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wanda ke biye.

Ka taso ka ga mamanka tana ɗingishi, ka kuma taso kana jin cewa ƙusa ce ta fasa mana taya a hanyar Shika. Haka na gaya wa likita, haka na gaya wa fasto, haka na gaya wa kakanninka. Kana da shekara shida a lokacin. Ishaku, ba ƙusa ba ce.

Kafin in gaya maka ko mece ce, bari ka san abin da na rasa, don ba ka taɓa ganin mamanka a kan babur da wayonka ba. Kowace Lahadi bayan sujada, idan rana ta yi sanyi, mukan bar ka wurin maƙwabta mu fita. Sunan fitar sayen nono a ruga, amma nonon da ake kawowa har ƙofar gida ai bai fi shi tsami ba. Takan zauna a karkace, ta tattare zaninta, ta ɗora hannu ɗaya a kafaɗata, da kyar ma take taɓawa, don idon mutane. Haka za mu ratsa Samaru tana gaisa da mata kamar wadda aka ɗauko haya. Amma da zarar mun wuce gidan ƙarshe, gonaki sun buɗe, sai in ji hannun ya sauko ya zagaye cikina. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban taɓa ba. Nakan rage wuta a wurin don hanyar ta ƙara tsawo. A dawowa kuma, muna hango rufin kwano na farko, hannun zai koma kafaɗa. Ban san wani abu a duniyar nan da na ji daɗinsa kamar wannan 'yar tafiyar ba, kuma ina kewarta har yau.

To, a shekarar da abin ya faru, taya ta isa canji. Na riga na yi hankali da gwanjo, sai na nufi shagon Oga Uche a Sabon Gari, wanda ka sani, mai furfura, kusa da masu sayar da sarƙa da fitila. A lokacin matashi ne ƙaƙƙarfa. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Na shiga na tarar da benci cike da maza ana hira, cikinsu har da Baba Audu, ƙanin kakanka na wajen uwa, wanda shi ya karɓi sadakin mamanka. Ya zo sayen tib ɗin keke ya zauna shan inuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙe na faɗa wa Uche girman da nake so.

Uche ya leƙa waje ya dubi Bajimi, ya dawo ya ce, "Malam Yakubu, wa kake goyawa a baya?"

Na ce, "Taya na zo saya."

Ya ce, "Na sani. Iri biyu gare ni a wannan girman. Ɗaya ta mai tafiya shi kaɗai ce, ɗaya ta mai kaya. Madam tana hawa? Babbar mace ce ko 'yar siririya?"

Benci ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Faɗa masa mana, Malam, buhu nawa ce?" Baba Audu ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin hularsa. Ni kuwa kunnuwana suka ɗau zafi. Ka san yadda aka rene mu. Mutum ba ya kiran sunan matarsa a gaban surukinsa, balle ya tsaya a tsakiyar kasuwa yana bayanin jikinta. Mamanka kuma, ka sani, Allah ya yi mata jiki, a lokacin ma ta fi haka. Sai na ji kamar Uche ya tuɓe ni a gaban mutane. Na haɗe rai na ce, "Ni kaɗai nake hawa."

Ya dube ni ya ce, "Kai kaɗai?"

Na ce, "Na ce maka ni kaɗai."

Ya ɗaga kafaɗa ya shiga ciki. Mai ƙarfin ma, in ji shi, guda ɗaya ta rage kuma wani ya riga ya yi magana, da na ce ina goyo da ya roƙi mutumin ya jira. Ya miƙo mini marar ƙarfin. Na ɗaure ta a kariya na fita ko waiwaye ban yi ba, ina jin na kare mutuncin gidana. A hanya zuciyata ta ce in koma idan benci ya watse. Na ce gobe. Gobe ta zama jibi. Da aka ɗaura ta kuma na ga ta zauna daram a rim, sai na ce ai taya taya ce.

Ta yi mana wata biyu. Ran nan aka yi rasuwa a dangin mamanka a wani ƙauye gaba da Shika, muka tashi da azahar, rana tana dukan kwalta. Na ɗaure rabin buhun masara a kariya don gidan makoki, ita kuma ta hau. Iskar tayar ma da yatsa na gwada, yadda ka yi ranar Asabar. Mun wuce gidan ƙarshe, hannunta ya sauko, ban jima da rage wuta ba na ji ƙara kamar an harba bindiga. Bayan babur ya kama rawa. Na riƙe iya ƙarfina, amma Bajimi ba a yi masa dole. Ni na gangara cikin ciyawa, ban samu komai ba sai ƙujewa. Ita babur ya danne wa ƙafa.

Ba zan ba ka labarin asibiti ba, wata uku ne, kuma ka tuna wani abu daga ciki, don kai ne kake ƙin cin abinci sai an kai ka ka gan ta. Abin da ba ka sani ba shi ne na koma na ɗauko tayar. Na juya ta ciki da waje ina neman ƙusa, ina roƙon Allah in samu. Babu. Gefenta ne ya yage, tsawon tafin hannu, inda nauyi da zafi suka fi ƙarfinta. Na jefa ta a rijiyar da aka daina amfani da ita a bayan gida, na fito na ce ƙusa ce.

Bayan an sallame ta na koma shagon Uche da safe, lokacin da babu kowa. Ya shiga ya fito da mai ƙarfin, ya juya gefenta, ya sa yatsa a kan wata lamba da harafi a bayanta, ya ce, "Wannan ita ke faɗin nauyin da za ta iya ɗauka. Girma ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne." Tun daga ranar ban sake sayen taya a wani wuri ba, kuma bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai sabuwar tayar ba ta ɗauki kowa ba. Mamanka ta warke, ta koma kasuwa, ta koma zumuntar mata, amma ba ta sake hawa Bajimi ba. Idan za mu coci takan riga ni fita da sandarta. Idan tafiyar da nisa ta shiga bas. Sau biyu na ce ta hau, ta ce, "A'a, je ka kawai." Na ce a raina tsoro ne, kuma wa zai ga laifinta? Shekara ashirin da huɗu ina hawa, bayana ba kowa sai akwatin magani.

Ga shawarar, kuma ita ce gaba da duk sauran. Ka je wurin Uche. Ya tsufa, yana zaune a kujera yanzu, amma idonsa da bakinsa suna nan. Zai tambaye ka wa kake goyawa, don har yau yana tambaya. Ko benci ya cika da surukanka tun daga kan uban Rahila har autansu, ka buɗe baki ka ce matata nake goyawa, da jaka, wani lokaci da buhu, nan gaba kuma in Allah ya yarda da yaro a tsakani. In ya tambayi jikinta ka faɗa. In sun yi dariya ka taya su, dariyar ba ta kai minti ɗaya. Na san halinka, don nawa ne ka ɗauko. Ranar da aka kawo Rahila gaisuwa ka kasa ko kallon inda take, kana ta gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka san ɗan mutunci, ban ce ka yar da ita ba. Amma akwai wuraren da ba a shiga da ita: gaban likita, da gaban mai taya. Kuma kada ka bari kowa ya ce maka "ai za ta shiga". Tawa ma ta shiga.

Idan ka saya, ka haɗa da sabon tib. Na taɓa mayar da tsohon tib mai faci uku cikin sabuwar taya don ganin bai huje ba, ya naɗe a ciki ya tsinke a bakin bawul. Ka sa mai faci ya duba robar da ke rufe kan wayoyin rim, idan ta tsinke waya ɗaya ta isa ta huda tib daga ciki. Ka tsaya a kansa lokacin ɗaurawa. Akwai kibiya a gefen taya mai nuna inda za ta riƙa juyawa, kuma mai faci idan hira ta yi daɗi yana iya juya ta baibai. Ya daidaita sarƙa, ya tabbata wilin bai karkace ba. Iska kuma a auna ta da geji, da safe kafin taya ta yi zafi, a ƙara kaɗan idan za ka yi goyo, Uche zai gaya maka nawa. Ka sayi ɗan gejin ka ajiye a ƙarƙashin kujera. Babban yatsanka ka bar shi wa zaɓen mangwaro. Sabuwar taya tana da santsi a kwanakin farko, saboda haka ka yi ta zagaye da ita kai kaɗai cikin gari, a hankali, kafin ranar tafiya.

A nan na yi niyyar rufe takardar jiya. Ina zaune a gindin mangwaro da la'asar, mamanka tana gefe a kan tabarma tana tsintar wake, ƙafar a miƙe yadda ta saba. Ta ce, "Baban Ishaku, wannan rubutu haka, takardar neman aiki ce?"

Na ce kai nake rubuta wa, a kan taya.

Ta ce, "To."

Na dubi abin da na rubuta. Sai na ga rashin kunyar da ke ciki, in gaya wa ɗa abin da ban gaya wa mai ƙafar ba. Na ajiye biro. Na gyara zama kamar ranar da na je neman aurenta. Na ce, "Saratu, maganar ƙusar nan."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wace ƙusa? Wadda ke cikin rijiya?"



Ta ce, "Matar Uche ta kawo mini farfesu a asibiti, sati na biyu. Tana kuka ta ce mijinta ya kasa cin abinci, yana ta cewa da ya sani da bai saurare ka ba. Ta ce ya tambaye ka, ka ce kai kaɗai kake hawa."

Na ce, "Duk shekarun nan kin sani?"

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Baba Audu yana zaune a wurin. Kunya ce ta kama ni."

Ta ce, "Wannan ma na sani. Ban riƙe ka da faɗuwar ba, ko mai taya goma yana faɗuwa." Ta watsar da tsakuwar da ta tsinta, sannan ta dube ni. "Kana tsammani tsoron babur nake? Ni da nake hawa bayan akori-kura zuwa ƙauye? Mutum ya tsaya a kasuwa ya ce shi kaɗai yake hawa. Sai na bar masa abinsa ya hau shi kaɗai. Na ce ranar da ya gyara maganarsa zan hau."

Ishaku, na yi kuka a gaban mamanka, a fili, kaji suna kallo. Ban ɓoye maka ba. Jimla ɗaya take jira, ni kuma ina wucewa ta gabanta kullum da babur ina tausayin tsoronta. Duk Lahadin nan da suka wuce, ashe suna nan a ajiye, ni ne ban je na ɗauka ba. Na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe tun tuni, jira kawai take. Ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce, "To, tunda ka gyara, idan yaron ya sa sabuwar taya ya kawo. Ka kai ni sayen nono sau ɗaya kafin a tafi da shi."

Ka san abin da zuciyata ta ce. Ta ce kai za ka buga mini kik, ka riƙe har mu hau, sauran ai hannu ya sani. Na ga hanyar a idona, na ga gidan ƙarshe, har na ji hannun. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so in ce to ba. Amma na san gwiwar nan. Ko a tsaye ba za ta tare Bajimi ba idan ya karkata, balle da mutum a baya. An sake yi mini tambayar Uche ke nan, a tsakar gidana. Na ce, "Saratu, ba zan iya ɗaukar ki ba. Ƙafata ba za ta riƙe mu ba."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Yau ka faɗi gaskiya da wuri." Sai ta miƙo hannu ta dafa gwiwar, ta bar shi a wurin.

Saboda haka ga roƙona. Idan Uche ya tambaye ka, ka ce mata biyu kake goyawa, matarka kullum, mamanka sau ɗaya. Idan ka gama zagayen gwajin, ka zo ranar Lahadi da yamma kafin ku tashi. Ka matso da babur jikin dakalin ƙofa don ta samu hawa, ƙafar hagu ce ba ta lanƙwasuwa. Ka bi hanyar Shika a hankali. Idan kun wuce gidan ƙarshe, yanzu ya matsa gaba sosai don gari ya ci gonakin, ka rage wuta, ka bar ta ta kalli fili. Ba sai kun samo nono ba. Ni zan zauna a dakali in saurari ƙarar har ta ɓace, in kuma jira ta dawo. Na iya wannan, mamanka ta yi shi shekara da shekaru.

Kai kuma, idan kun kama hanyar Pambeguwa ka ji hannun Rahila ya bar kafaɗarka, kada ka ce komai, kada ka ƙara wuta. Abin da ba ka iya faɗa mata a gida, kada ka jira furfura.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare gabanku da bayanku. Ya kiyaye ku daga ramin hanya da gangancin direba, ya ba ka ido da haƙuri, ya sa gidan da za ku kafa ya zama na salama. Ka gaishe da Rahila, ka ce mamanka ta soya mata gyaɗa. Ka gaishe da Uche, ka ce masa Malam Yakubu ya ce amsar tambayarsa ita ce mutum biyu.

Sai mun gan ka ranar Lahadi.

Ni ne mahaifinka,
Yakubu.